Ruwan rijiyar burtsatse: Ƙa'idojin ingancinsa da nauyin da ke kan mai rijiya

A yawancin biranen Najeriya da garuruwanta, ruwan famfon gwamnati ya daina isar jama'a tun da daɗewa. Unguwanni da dama a Kano da Kaduna da Maiduguri da Sakkwato da gefen Abuja sun dogara ne kacokan da rijiyoyin burtsatse da ɗaiɗaikun mutane suka haƙa da kuɗinsu. Wani ya haƙa domin iyalinsa, wani domin makaranta ko asibiti ko otal, wani ya yi ta sadaka mai gudana a ƙofar masallaci, wani kuma ya mayar da ita sana'a, yana sayar wa 'yan garuwa su kuma su zaga da kura suna raba jarkoki gida-gida.

Da zarar ruwan rijiya ya tsallake katangar gidan mai ita, to ta zama ƙaramar ma'aikatar ruwa, ko da kuwa ba ta da allo ko rajista. Lafiyar ɗaruruwan mutane, waɗanda galibinsu ba su ma san inda rijiyar take ba, ta rataya a kan yadda aka haƙa ta, da yadda ake kula da tankinta, da kuma ko an taɓa kai ruwanta ɗakin gwaje-gwaje.

Akasarin masu rijiya da masu sayen ruwa suna auna inganci ne da ido da harshe. In ruwa ya fito garau, ba wari ba bauri, sai a ɗauka lafiyayye ne. Masana harkar ruwa kuwa sun daɗe suna gargaɗin cewa irin wannan kyau na iya zama kyan ɗan maciji, domin mafi haɗarin abubuwan da ke gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano.

Me ake nufi da ƙaramin tsarin ruwa mai zaman kansa?

Shi ne duk wani tsarin samar da ruwan sha da ba hukumar ruwa ta jiha ke gudanar da shi ba. A mafi sauƙin siffarsa ya ƙunshi abubuwa biyar: ramin rijiyar da bututun da aka zura a cikinsa, injin da ke turo ruwa daga ƙasa, wutar da ke tafiyar da injin, ko ta janareta ko ta hasken rana, tankin da ke bisa hasumiya, sai kuma bututai da kawunan famfon da ake ɗiban ruwa. Inda ake sayarwa, jarkokin 'yan garuwa da tankokin motocin dakon ruwa su ma sun shiga cikin tsarin, tunda ta cikinsu ruwan ke isa bakin mai sha.

Wasu ƙasashe sun ja layi a fili tsakanin rijiyar gida da ta jama'a. A Amurka, dokar kare ruwan sha ta 1974 ta ɗauki duk tsarin da ke kai ruwa ga gidaje 15, ko yake shayar da mutum 25 na tsawon kwana 60 a shekara, a matsayin ruwan jama'a, ko da mallakar mutum ɗaya ne. Irin wannan tsari dole ne a riƙa gwada ruwansa a kai a kai, kuma wanda ke shayar da mazauna unguwa na dindindin sai ya aika musu rahoton ingancin ruwan duk shekara. In da za a ɗora wannan ma'auni a kan rijiyoyin da ke sayar wa 'yan garuwa a Najeriya, da kusan dukkansu sun faɗa cikin rukunin ruwan jama'a.

Yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gurɓata

Gaskiya ne cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi na kogi da na tafki tsabta a mafi yawan lokuta, saboda yashi da yumɓu suna tace shi yayin da yake tsatsafowa ƙasa. Sai dai wannan tacewa ta danganta da irin ƙasar wurin. A yankunan Sakkwato da Kebbi da kuma Borno da Yobe, ruwan yana kwance ne a cikin shimfiɗun yashi masu kauri, wasunsu a ƙarƙashin yumɓun da ke kare su daga dattin sama. A yankin duwatsu kuwa, wanda ya haɗa da mafi yawan jihohin Kano da Kaduna da kudancin Katsina da Abuja, ana samun ruwan ne a cikin ruɓaɓɓen dutse na sama-sama da kuma tsagogin dutsen da ke ƙasa da shi. Ruwan da ke bin tsaga yana gudu da sauri, ba ya samun tacewa sosai, don haka datti na iya yin tafiya mai nisa a cikinsa.

Gurɓatar ruwan rijiya iri uku ce. Ta farko, wadda ta fi yawa kuma ta fi saurin kisa, ita ce ta ƙwayoyin cuta daga bayan gida na mutane da kashin dabbobi. Suna shiga ne daga masai ko sokawe da ke kusa, ko daga kwata da ruwan ambaliya da ke kwarara ta bakin rijiyar da ba a rufe da kyau ba. Ta wannan hanya ake kamuwa da kwalara da taifot da atuni da ciwon hanta nau'in A da E. A 2021, Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 kuma suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Binciken da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta gudanar a shekarar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF ya nuna cewa kusan mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake sha a gidaje gurɓatacce ne a lokacin da za a kai shi baki.

Ta biyu ita ce ta sinadaran da ayyukan ɗan Adam ke zubarwa. Naitiret na fitowa daga takin zamani da masai da juji. Man fetur da gas na yoyo daga tankokin gidajen mai da ke binne a ƙasa. Ruwan da masana'antun jima ke zubarwa, irin na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam. A Ogale da ke Jihar Ribas, rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a rijiyoyin sha, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sama da sau 900. Wuraren da ake sarrafa ma'adinai da gyaran batir kuma suna barin gubar dalma a ƙasa.

Ta uku ita ce wadda ba hannun kowa a ciki: sinadaran da ke cikin dutsen da kansa, kamar fuloraid da asanik da ƙarfe da manganis. Rijiya na iya kasancewa mai zurfi, an gina ta bisa ƙa'ida, nesa da kowane masai, amma dutsen da ruwan ke kwance a cikinsa ya riƙa narkar da guba a hankali. A Najeriya an san yankin Langtang na Jihar Filato da matsalar yawan fuloraid, inda haƙoran yara ke rinewa.

Abin da ma'aunin ƙasa ya tanada

Najeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha, wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta fitar a 2007 da lamba NIS 554, aka kuma sabunta shi a 2015. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ma'aunin bai tsaya ga hukumomin ruwa na jihohi ba. Ya shafi ruwan da al'umma ke gudanarwa da kansu, da na masu sayar da ruwa da motocin dakonsa, da wanda ake amfani da shi a makarantu da asibitoci da otal-otal da masana'antun abinci, har ma da rijiyar da iyali ɗaya kaɗai ke sha. Ruwan leda da na gora ne kawai aka ware, domin suna da nasu ma'aunin dabam.

Ga wasu daga cikin iyakokin da ma'aunin ya gindaya:

- Ƙwayar cutar E. coli: ba a yarda a samu ko guda ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa ba. Samunta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan.
- Naitiret: kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. Yawansa na hana jinin jarirai ɗaukar iskar numfashi, musamman waɗanda ba su kai wata shida ba kuma ake dama musu madara da ruwan.
- Fuloraid: miligiram 1.5 a lita. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, amma yawansa na rina haƙora, ya kuma lanƙwasa ƙasusuwa.
- Dalma: miligiram 0.01 a lita. Tana daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kuma illarta ba ta warkewa.
- Asanik: miligiram 0.01 a lita. Shansa na tsawon shekaru yana jawo cututtukan fata da ciwon daji.
- Kuromiyam: miligiram 0.05 a lita.
- Ƙarfe: miligiram 0.3 a lita. Shi ne ke sa ruwa ya yi ja bayan ya kwana, ya ɓata tufafi da tayil.
- Manganis: miligiram 0.2 a lita.
- Jimillar gishirin da ya narke a ruwa: miligiram 500 a lita.
- Ma'aunin tsami, wato pH: tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan da ya yi ƙasa da haka yana cin bututu da kawunan famfo, ya kwaso ƙarafan da ke jikinsu.

Akwai abin lura a wannan jeri. Ƙarfe, wanda shi ne ya fi sa masu rijiya ƙorafi saboda ana ganinsa, yana cikin mafi ƙarancin haɗari. E. coli da naitiret da fuloraid da dalma da asanik kuwa, waɗanda su ne ke kwantar da mutum ko su nakasa shi, babu wanda ido ke gani. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, don haka duk canjin launi ko wari ko ɗanɗano dalili ne na bincike. Amma rashin canjin ba hujjar lafiya ba ce.

Hukumomin da abin ya shafa

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta bai wa Gwamnatin Tarayya iko da ruwan da ya ratsa fiye da jiha ɗaya, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Dokar ta kuma bar wa mai fili 'yancin ɗiban ruwan ƙarƙashin filinsa kyauta domin amfanin gida da shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Ɗibar ruwa domin kasuwanci kuwa ba ta shiga cikin wannan rangwame ba, kuma Hukumar Kula da Albarkatun Ruwa ta Bai-ɗaya, NIWRMC, ita ke bayar da lasisin amfani da ruwa a matakin tarayya. An sha gabatar da sabon ƙudurin dokar ruwa a Majalisar Dokoki ta Ƙasa domin haɗe waɗannan tanade-tanade wuri guda, amma ya gamu da adawa mai zafi, bai kai ga zama doka ba.

Sa ido kan lafiyar ruwan da jama'a ke sha aikin ma'aikatun lafiya ne, na tarayya da na jihohi, tare da jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka fi kusa da rijiyoyin unguwa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin 2011 na hana gurɓata ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. NAFDAC ce ke yi wa masu ruwan leda da na gora rajista, ta kuma duba masana'antunsu. Haƙar rijiyar kanta tana da kundin ƙa'idoji na ƙasa da aka fitar a 2010, kuma Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da masu haƙa. A karkara, hukumomin RUWASSA na jihohi ne ke kula da rijiyoyin al'umma.

Duk da yawan waɗannan hukumomi, rijiyar da ke sayar wa 'yan garuwa takan faɗa a tsakaninsu. Ba ta ƙulla ruwa a leda balle NAFDAC ta zo, ba ta hukumar ruwa ba ce balle injiniyoyinta su duba, jami'an duba-gari kuma ba kasafai suke da kayan gwaji ba. Saboda haka a aikace, mai rijiya shi ne mai gadin farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe.

Darussa uku daga tarihi

Garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya samu rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985, jama'a suka yi murna da ruwa mai tsabta. Shekaru suka shuɗe kafin a fara lura da yaran da haƙoransu suka rine, ƙafafunsu suka gwame, wasu ma ba sa iya tafiya. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili cewa fuloraid ɗin da ke cikin ruwan ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara ne suka nakasa. Rijiyar ta kamfanin ruwa na gwamnati ce, amma darasin ya shafi kowa: gwajin sinadarai guda ɗaya da aka yi aiki da sakamakonsa tun farko zai iya hana wannan musiba.

A Bangladesh, tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin ƙananan rijiyoyin burtsatse, akasarinsu na gidaje, domin raba jama'a da ruwan kududdufi mai jawo gudawa. An cimma wannan buri, sai dai ba a gwada ruwan domin neman asanik ba. A 1993 aka tabbatar da gubar a rijiyoyin ƙasar, kuma wani nazari da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2000 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗarin shan gurɓataccen ruwan.

Na uku ya faru ne a Walkerton, wani ƙaramin gari mai mutum kusan 5,000 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. A watan Mayun 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya wanko kashin shanu daga wata gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin, wadda ba ta da zurfi. Mutum bakwai suka mutu, kusan 2,300 suka kwanta. Kwamitin binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa masu kula da ruwan sun shafe shekaru ba sa zuba isasshen kulorin, suna rubuta alƙaluman ƙarya a littafin aiki, kuma sun ɓoye sakamakon gwajin da ya nuna matsala. Da sun faɗi gaskiya a ranar da suka sani, da ɗaruruwan mutane ba su kamu ba.

Matakan bin ƙa'ida

Tun daga 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kowane mai samar da ruwa ya tsara shirin kare lafiyar ruwansa, wato ya bi ruwan tun daga tushe har zuwa bakin mai sha, ya gano duk inda datti zai iya shiga, ya toshe. A 2024 hukumar ta fitar da jagora na musamman domin ƙananan tsare-tsaren ruwa. Ga ƙaramar rijiya, shirin ya ƙunshi abubuwa kamar haka.

Wurin haƙa. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka fi amfani da shi shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe ko juji ko turken dabbobi, kuma rijiyar ta kasance ta sama da su, ba ta gangare ba. A filin birni mai ƙafa 50 da 50 wannan tazara ba ta samuwa, kuma sokawen maƙwabci yana da haɗari daidai da na gida. Inda ba yadda za a yi, ingancin gini da yawan gwaji da sa kulorin ne za su cike giɓin.

Ginin rijiya. Dole ne a zura bututu mai inganci, a kuma cike ratar da ke tsakaninsa da bangon rami da siminti a mitocin farko na sama, domin hana ruwan sama gangarawa ta jikin bututun. Wannan shi ne aikin da masu haƙa marasa gaskiya suka fi tsallakewa, tunda ba ya ganuwa bayan an gama. Bakin bututun ya ɗago sama da ƙasa, a rufe shi ruf, a zagaye shi da daɓen kankare mai gangara, a yi magudanar da za ta kai rarar ruwa nesa. Rijiyar da bakinta ke cikin rami a ƙasa da daɓen gida tana shan ruwan kwata duk damina. Mai rijiya ya karɓi rubutaccen rahoto daga mai haƙa, wanda ke nuna zurfi da irin ƙasar da aka ratsa da yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa.

Gwaji. Kafin a fara shan sabuwar rijiya, a yi cikakken gwaji na ƙwayoyin cuta da na sinadarai. Bayan haka, a maimaita gwajin ƙwayoyin cuta da naitiret aƙalla sau ɗaya a shekara ga rijiyar gida, kuma tsakiyar damina ce lokacin da ya fi dacewa, domin a lokacin ne ruwan ƙasa ke tasowa ya kusanci ramukan masai. Rijiyar da ke shayar da makaranta ko asibiti ko unguwa tana buƙatar gwaji fiye da haka. A kuma sake gwadawa bayan ambaliya, ko gyaran inji, ko haƙa sabon sokawe a kusa, ko in gudawa ta yawaita tsakanin masu shan ruwan. Ana samun ɗakunan gwaji a hukumomin ruwa na jihohi da jami'o'i da cibiyoyin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da wasu masu zaman kansu.

Ɗaukar samfur. Ba a ɗiban ruwan gwajin ƙwayoyin cuta a gorar lemo. Ɗakin gwajin ne ke bayar da kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. A tsabtace bakin famfo, a bar ruwa ya zuba na 'yan mintoci, a cika kwalbar ba tare da taɓa bakinta ba, a sa ta cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin awa shida, in ya yi tsawo kada ya wuce awa 24. Ya fi kyau a ɗauki samfur biyu, ɗaya daga bakin rijiya ɗaya daga famfon ƙarshe, domin a san ko matsalar daga ƙasa take ko daga tanki.

Tanki da jarkoki. Ruwa mai kyau yakan lalace a tankin da ba shi da murfi, inda ƙura da kashin tsuntsaye da ƙadangaru ke faɗawa. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara, a kashe ƙwayoyin cutarsa da kulorin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta dace da ruwan sha ba har abada, wadda kuma ta yi gansakuka a ciki sai an wanke ta kafin a sake cika ta.

Kulorin. Inda ake zuba shi a tanki, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kuma ragowarsa kada ta gaza miligiram 0.2 a inda ake ɗiba. Wannan ragowar ce ke ci gaba da kare ruwan a cikin jarka da randa. Akwai ƙananan na'urorin aunawa masu sauƙin kuɗi.

Littafin aiki. A rubuta ranar kowane gwaji da sakamakonsa, da ranar wankin tanki, da duk gyaran da aka yi. Sakamako guda ɗaya hoton rana ɗaya ne kawai. Jerin sakamakon shekaru ne ke nuna ko naitiret na ƙaruwa a hankali, alamar cewa wani masai ya fara isa ga ruwan.

Idan gwaji ya nuna matsala

Matakin farko shi ne sanar da masu shan ruwan nan take, tun kafin a fara gyara. In E. coli aka samu, a umarce su da tafasa ruwan har ya yi ɓalɓal, ko su sa masa magungunan tsabtace ruwa irin su WaterGuard da Aquatabs bisa umarnin da ke jikin kwalin. Daga nan a nemo ta inda dattin ke shiga, a gyara, a zuba kulorin mai ƙarfi a rijiyar da tanki da bututai, a bar shi awa 12 zuwa 24, a fitar da ruwan har warin ya gushe, sannan a sake gwaji bayan 'yan kwanaki. In ƙwayar ta dawo, to tushen gurɓatar na nan, kuma sai dai a riƙa sa kulorin kullum ko a bar rijiyar.

Matsalar sinadarai dabam take. Tafasawa ba ta cire naitiret ko fuloraid ko dalma ko asanik, ƙara musu kauri ma take yi saboda ruwan da ke tashi a tururi. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarfe da manganis suna fita in aka shayar da ruwan iska aka tace shi da yashi. Sauran kuwa suna buƙatar na'urar tacewa ta musamman, wadda ƙwararre zai zaɓa bisa sakamakon gwaji. In hakan ya gagara, a bar ruwan ga wanki da wanka, a nemi na sha da girki a wani wuri. Rijiyar da aka daina amfani da ita kuma a cike ta da siminti, domin buɗaɗɗen rami hanya ce da datti zai bi ya gurɓata rijiyoyin maƙwabta.

Haƙƙin mai saye

Magidancin da ke sayen ruwa yana da damar tambayar ɗan garuwa daga wace rijiya yake ɗiba, ya je ya ga wurin da idonsa. Tsayayyen ruwa a gindin famfo, da fasasshen daɓe, da tanki ba murfi, da masai ko kwata a kusa, duk alamomi ne da ba sa buƙatar ɗakin gwaji. Iyayen yara na iya neman makaranta ta nuna musu sakamakon gwajin ruwanta, haka ma 'yan haya ga mai gida. Kwamitin masallaci ko na unguwa da ke riƙe da rijiyar sadaka zai iya ware kuɗin gwaji da wankin tanki a cikin abin da yake tarawa na man janareta da gyaran inji.

A gida kuma, a ajiye ruwan sha a mazubi mai murfi da ƙaramin baki, a ware moɗa guda ta ɗiba wadda ba a sha da ita, a riƙa wanke randa a kai a kai. Inda ake zargin wata rijiya da yaɗa cuta, ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma da cibiyar lafiya mafi kusa su ne wuraren da za a fara kai rahoto. NCDC ma tana karɓar rahoton ɓarkewar cuta ta lambar kira kyauta, 6232.